Romon Kifi

"Kifi," in ji Direba. Sai da ya yi nishi biyu kafin kalmar ta fito, yawu na bin gefen bakinsa da ya karkace. "Romon kifi."

Matarsa, Uwar Biyu, tana tsaye a kansa da ludayi a hannu, yadda ta saba tsayawa kullum ƙarfe huɗu. Ta gyaɗa kai ta ce to, ta ji. Sannan ta juya ta ɗora tukunyar farar shinkafa.

Ni ina barandar da muke tarayya da su, a kan keken ɗinkina. Gidan haya ne, ɗaki shida a jere, famfo ɗaya, kwata ɗaya. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu, kuma bangon nan bai san rufin asiri ba. Shekara goma sha tara ina jin tambayar nan ta cikinsa: Maigida, me za a dafa? Lokacin da yake da ƙafa da murya, amsarsa ba ta canzawa, wai shi ne macen ko ita? In ya dawo daga tasha sai ya buɗe kwano, ya sunsuna, ya ture shi da ƙafa. Yau gishiri ya yi yawa, gobe an yi rowarsa. Ya saɓa rigarsa ya tafi cin abinci waje. Ranar da ransa ya fi ɓaci, ɗaukar kwanon yake ya juye a kwata muna kallo. Kwanon har ya loɓa a gefe saboda shuri.

Ita kuwa ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta yarda hannunta ne ba shi da daɗi. Babu matar da ba ta durƙusa wa ba a gidan nan don a koya mata girki, har da ni da na yi ƙanwar bayanta. Takan kawo min miya a cokali ta ce, "Ɗanɗana min, ƙanwata, me ya rage?" Babu abin da ya rage. In na faɗa mata haka sai ta ce kara kawai nake yi mata.

Wata bakwai da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Tagwayen nasu suna can wani gari, kowa da iyalinsa, sai dai waya. Uwar Biyu ce wanka, ita ce wanki, ita ce ɗaga shi zuwa kujerar roba a bakin ƙofa. Ba wanda zai ce ta gaza. Tambayar ƙarfe huɗu ma ba ta daina ba, sai dai yanzu yana amsawa, kuma abu ɗaya yake roƙo. Ita kuma ta zuba masa shinkafa da ta dahu ta yi lugub, ba mai, ba gishiri, ta ce likita ne ya hana. Ina wurin lokacin da likitan ya yi magana. Cewa ya yi a rage, bai ce a hana ba.

Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Sau biyu a mako sai ta tare mai kifi a ƙofar gida, ta zaɓi mai tsoka. Ta jawo murhunta daidai inda iska za ta kai masa. Albasa, tafarnuwa, citta, ɗan lemon tsami a ƙarshe. Ƙamshi ya cika gidan har masu wucewa su riƙa waiwaye. In ya dahu ta zuzzuba a kwanuka ta bi ɗaki-ɗaki tana rabawa, ta wuce ta gabansa sau biyar. Idonsa na bin kowane kwano.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ba a dai faɗa mana wanda zai hana wa romon ba. Mu kuwa mun sha, kada in yi muku ƙarya. Mun tuna kwatar nan, muka ce shi ya jawo wa kansa, muka suɗe kwano.

Sai da ƙafafunsa suka kumbura, ya daina taɓa shinkafar, sannan abin ya fara damuna. Ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo shi ta ja mu gefe ta ce kwanakinsa ba su da yawa, duk abin da ransa ke so a ba shi. Uwar Biyu ta ce to, irin to ɗin nan nata.

Ran Laraba da ta tafi karɓo magani, na dafa nawa romon a ɓoye na shiga ɗakinsu. Warin man zafi da fitsari ya tare ni. Na sa masa tawul a wuya, na hura cokali na kai bakinsa. Ya kurɓa, ya juya shi a baki. Sai kawai ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya ture kwanon, irin turewar da na sani. Mai hali ba ya fasa halinsa. Saura kaɗan in kife masa shi a ka.

"Ba nata ba ne," ya ce. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa. "Nata nake so. Duk garin nan babu mai hannunta. Tun tana amarya."

Na fito da kwanona, haushi da tausayi sun cakuɗe min.

Da ta dawo, da kifi ta dawo. Ta fito da shi kan kujerarsa a bakin ƙofa. Na ci gaba da taka keke ina satar kallonta. Ran nan ba ta jera kwanukan rabo ba. Loɓaɓɓen kwanon nan ta sauko da shi daga kan kanta, ta wanke shi sau biyu. Ta rage yaji. Ta zauna tana zare ƙaya da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana marmasa tsokar yadda mai rabin baki zai iya haɗiyewa. Ashe maganar ma'aikaciyar jinyar ta shige ta.

Da na yi shiru, da ya sha. Amma daɗi ya ɗebe ni, na ga bari in ƙara mata ƙarfin gwiwa. Garin neman gira na rasa ido. Na matso na ce, "Yaya, albishirinki." Na kwashe duk abin da ya faɗa na gaya mata, har da tun tana amarya.

Yatsunta suka tsaya a cikin kwanon. Ta daɗe tana kallon romon.

"Ashe ya sani," ta ce a hankali.

Ta tashi da kwanon ta je gaban kujerarsa. Ya buɗe baki tun kafin ta iso, kamar ɗan tsuntsu.

"Maigida, gaskiya ne abin da ka faɗa wa ƙanwata?"

Ya gyaɗa kai da sauri, har da ƙoƙarin murmushi.

"Shekara talatin da shida ina zagin hannuna," ta ce. "Ina bin mata ɗaki-ɗaki kamar mabaraciya. Kai kuma ka sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta taka zuwa kwata, daidai inda ya saba tsayawa, ta karkata kwanon a hankali don ya ga komai. Romon ya bi kwata da tururinsa, kyanwar gidan ta biyo shi da gudu. Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaron Direba wanda har yau ban manta da shi ba. Ta ɗauraye kwanon, ta ɗora shinkafa.

Washegari ƙarfe huɗu ta tsaya a kansa ta yi tambayarta. Bai amsa ba. Ran Juma'a da hantsi, ina cikin kafa hannun wata riga, na ji ta ta bango tana salati. Na san an gama.

Kwana tara aka yi ana shiga ana fita. Tagwayen suka zo suka yi kuka, suka gode wa uwarsu a gaban jama'a kan ɗawainiyar da ta sha, kowa na sa mata albarka. Ni ma na sa. Ba ta ƙara min maganar Laraba ba, ni ma ban tayar da ita ba.

Ranar da baƙin ƙarshe suka tafi, wajen ƙarfe biyar, ta ɗaga labulena ta ajiye loɓaɓɓen kwanon a kan teburin keken, ta fita. Na zauna ina kallon murfin har tururi ya daina fita ta gefen da ya loɓa. Ta taga ina hango kujerar robar, wani ya kife ta a jikin bango.

Daga baya na buɗe, romon kifi ne, na sa cokali. Ba ƙaya ko ɗaya a ciki. Gishirin ya yi daidai.