Ƙunƙunin Verna Solberg

Verna Solberg ta dangwala yatsan hagu a kan gilashin wata kwamfutar hannu tana neman harafi ɗaya, sai uku suka fito. Ta goge ta sake, wannan karon na'urar ta buɗe mata hoton jariri yana wanka.

"Jikana ne," in ji Ardis, matar ƙanin mijinta, wadda ta kawo mata aron kwamfutar hannun. "Ki daina dukanta kamar tafireta. Taɓawa ake yi."

"Abin da ba ya ƙara in an buga shi, ta ina zan san ya ji?"

Hannunta na dama yana rataye cikin filasta. Santsin ƙanƙara ne ya kwashe ta a ƙofar gidan waya, ta karye a hannu ta bugu a ƙugu, aka kwantar da ita a ƙaramin asibitin garinmu. Ciwon bai dame ta ba kamar yadda Talata ta dame ta. Tun kafin a haifi yawancinmu, duk Talata kafin tsakar rana Verna take miƙa wa jaridarmu ta mako-mako, a nan Dakota ta Arewa a Amurka, filinta na ziyarce-ziyarce: wa ya ci abincin Lahadi a gidan wa, ɗiyar wa ta zo hutu daga Fargo, wa ya sha kofi da wa bayan coci. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa rubuta kalmar da ta hana wani barci ba. Muna alfahari da ita, faɗa ne kawai ba ma yi.

Da safiyar wannan Talatar Curtis, editan jaridar, ya kira ta.

"Ki huta, Misis Solberg. Gaskiya da ma ina tunanin rufe filin. Kowa a wayarsa yake ganin wa ya je ina. Ba mai karantawa."

"Curtis, ni na ba da labarin haihuwarka a filin nan. Har nauyinka na sa."

"Na sani. To, in ya iso kafin tsakar rana zan buga. In bai iso ba, mu bar shi haka cikin mutunci."

Ardis dai, a ba ta wannan, ta san kan na'urarta. Ta maƙala mata ɗan allon madannai, amma hannun hagu mai ciwon gaɓɓai ya gaji kafin layi biyu. Ta ba ta alƙalamin rubutu a kan gilashi, Verna ta zana wasu ƙugiyoyi da ita kanta ba ta iya karantawa ba. Daga ƙarshe ta nuna mata wani ɗan hoton makirfo a gefe.

"Taɓa nan, ki yi magana kawai, ita za ta rubuta. Bari in samo mana kofi."

Verna ta gyara murya ta faɗi jimla ɗaya, tana hararar gilashin. Kalmomin suka jeru tsaf, ko waƙafi bai ɓata ba.

"Kai! Wannan ai ta fi 'yan matan da na koya wa bugun tafireta," ta ce, dariya ta kama ta. Ta lumshe ido yadda ta saba, labarin mako ya shiga zubowa.

Akwai abin da marigayi mijinta da kyanwarta kaɗai suka sani. In Verna tana buga filinta, yatsunta ne ke rubuta maganar mutunci, bakinta kuma yana bi a hankali da ainihin abin da ya faru. Ƙarar tafireta ke rufe ƙunƙunin, ita kuwa tafireta kurma ce.

Ardis ta dawo, ta leƙa gilashin, saura kaɗan kofin ya zube mata a ƙafa. Ta karanto da ƙarfi:

"'Mista da Misis Rud sun ziyarci ƙanwarsa a Minot ranar Asabar. Ƙanwa ina, gidan caca dai.' Tsaya, ga wani. 'Misis Ardis Solberg ta kai wa taron matan coci kek. Na kanti ne, faranti kawai ta sauya.' Verna!"

"Wa ya rubuta wannan?"

"Bakinki! Ke da ake wa kallon waliyiya. Tun yaushe kike wannan ta'asa?"

"Tun ranar farko. In ban faɗa ba ai fashewa zan yi." Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi. "Ashe munafukar tana da kunne."

"Farantin dai nawa ne," Ardis ta ce, tana son yin fushi dariya ta hana ta.

Tsakar rana ta gabato. Ardis ta koya mata yadda ake danne kalma a ja yatsa, layin ya yi launi, a goge. Verna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gidan caca ya ɓace, kek ɗin Ardis ya koma na gida. Ba kankarewa, ba farin ruwan gyara, ba tabo. Ta girgiza kai don sha'awa.

A layin ƙarshe yatsanta ya tsaya. "Mista Orville Tveit yana nan a ɓangaren tsofaffi na asibiti, yana samun sauƙi. Sauƙin me, tun girbi ba wanda ya leƙa shi, mutumin da ya kwashe wa kowa dusar ƙanƙara a ƙofar gida da taraktarsa." Jiya da aka turo ta a keken marasa lafiya ta hango shi zaune yana fuskantar ƙofa, ya yi aski, hularsa a gwiwa.

"Goge mana, lokaci," in ji Ardis.

"Wannan zai zauna."

"Gari guda za ki kunyata, har da ni. Curtis kuma dalili yake nema."

"Ya ce ba mai karantawa. To wa zai ji kunyar?"

Ta cire "sauƙin me" kawai, ta tura. Bayan nan tsoro ya kama ta sosai, don ba ta taɓa nuna mu da yatsa ba, ba ta san yadda za mu ɗauka ba. Laraba ta wuce Curtis bai kira ba.

Ranar Alhamis jarida ta fito. Da yamma wata nas ta shigo tana haki, ta kama kujerar baƙi da ke gefen gadon.

"Misis Solberg, ara mini wannan. Ɗakin Orville ya cika, har Curtis na tsaye a bakin ƙofa da kek a hannu, ya rasa inda zai ajiye."

"Ɗauki. Amma ki dawo ki faɗa mini su wa da wa."

Ta jawo na'urar kan cinyarta, ta taɓa makirfon.

"Edita Curtis Moen ya ziyarci Mista Orville Tveit ranar Alhamis." Sannan can ƙasa-ƙasa ta ƙara, "Ashe dai ana karantawa."

Na'urar ta rubuta har da wannan. Verna ta duba, ta bar shi.