'Ya'yan Fari da Ba Su Shiga Rajista Ba

Ni na kawo Inna Zaituna ƙungiyarmu, kuma har gobe ba na da-na-sani. Mai kitso ce a Madabo, ta haura sittin, ko firamare ba ta gama ba. Mu kuwa aikinmu yi wa yaran cikin birni gwajin sikila kyauta, kuma kowa a ofishinmu na Gwale da digirinsa yake taƙama. Shugabanmu, Malam Ashafa, da ƙyar ya ba ta wata uku na gwaji. Ana saura mako guda ya kira ni ya ce ranar Juma'a za a sallame ta, wai har yau ba ta iya cike fom a waya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don marayu uku take riƙo da aikin nan.

Ranar Talata a wajen taro, Chinedu mai kula da alƙalumanmu, haifaffen Sabon Gari da Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya ce rajistar unguwar Zaitawa ba ta kwanta masa ba. Gida bayan gida, uwa ta ce haihuwarta biyar, amma sunaye huɗu ne a rubuce. 'Yan matan da suka yi rajistar suka ce sun ɗauka rasuwa aka yi, shi ya sa ba su matsa da tambaya ba.

Inna Zaituna ta yi dariya har da riƙe haɓa.

"Wace rasuwa? 'Ya'yan fari ne. Macen da ta san kunya ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle a gaban baƙi. Kakarsa ake tambaya, ko maƙwabciya."

Kunya ta kama ni. Uwata ma ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba, amma boko ya mantar da ni.

Chinedu ya fitar mata da jerin gidajen, ta yafa mayafi ta shiga lungu. Cikin kwana biyu ta tattaro yara talatin da ɗaya, wasu daga gidajen kakanninsu. Da aka gwada su, huɗu na ɗauke da cutar, ba wanda ya sani.

Ranar Juma'a Malam Ashafa ya kira ta ofis, yana ta kame-kame, ya ce an ɗauke ta aiki na dindindin. Na zaci godiya za ta hau zubawa. Sai ta gyara zama ta ce tana da sharaɗi: duk ma'aikacin ofishin nan sai ya raka ta lungu na mako guda, ya koyi tambaya.

"Har ni, Inna?" in ji shi.

"Da kai za a fara, ɗan nan."

Ranar Litinin na wuce ta Zaitawa, na tarar da shugabanmu tsaye a ƙofar wani zaure da jakar Inna Zaituna a hannu, yana jiran ta fito ta gaya masa abin da zai rubuta.