Allurar Safe a Ɗakin Maza

A ɗakin maza na asibitin babu mai kiranta da sunanta kuma, Bajamushiya ake ce mata, alhali ko matakalar jirgi ba ta taɓa takawa ba. Nas ce. Wani asibiti a ƙasar waje ya yi mata alkawarin aiki in ta ci jarrabawar Jamusanci. Ta zauna sau ɗaya, ɓangaren nahawu ya yi mata kayen da ba ta manta ba. Ranar Asabar za ta sake zama.

Malaminta ne ya ba ta dabara: duk abin da hannunki yake yi, bakinki ya faɗe shi da Jamusanci, ki yi ta juya jimlar har ta zauna daidai. Ita kuwa ta riƙe maganar nan kamar wasiyya. Tana gyaran gado tana ƙunƙuni, tana awon jini tana ƙunƙuni. Marasa lafiya har sun saba.

Ranar Alhamis da safe ta zuƙi insulin, maganin ciwon suga, don tsohon da ke gadon bakin taga. Ta ɗauko jimla mai wuya, wadda za ta ce ta yi wa mara lafiya allura domin likita ya umarta. Jimlar ta ƙi zama. Ta juya ta, ta sake juyawa, tana tafiya tana ciza leɓe. Can ta samu, har ta yi murmushi. Sai ta ga kanta tsaye gaban kwalin zubar da allurai, sirinjin da ke hannunta babu komai a ciki.

Jimlar tana nan tsaf a kanta. Ta tuna ta ɗaga hannun riga, ta goga auduga, ta soka. Amma hannun wa?

Gadaje biyu ne a kusurwar. Tsohon yana da shanyewar ɓarin jiki, ba ya magana. Kusa da shi direban babbar mota ne mai karaya a cinya, yana ta sharar barci saboda maganin kashe zafi, kuma ba shi da ciwon suga ko kaɗan. Idan shi ta yi wa, sugansa zai yi ta sauka yana cikin barcin nan, ba lallai ya farka ba. Matarsa ta fita wanke kwanuka.

Ta duba dantsen tsohon, ta duba na direban. Allurar insulin siririya ce, ba ta barin tabo.

"Baba, na yi maka allura? Don Allah ko ƙifta ido ka yi."

Tsohon ya zuba mata ido kawai.

Tsoro ya kama ta. In ta faɗa wa Sista, shugabar ɗakin, sai an kai rahoto, kuma Sistar ce za ta shaide ta wurin masu ɗaukar aiki. Zuciyarta ta ce mata ai tsohon ta yi wa, kullum shi take yi wa, ta ɗan jira ta gani. Ta kuwa tsaya, ba kunya, tana kallon agogon bango. Sai ta ga gumi yana tsattsafowa a goshin direban, ga fanka na kaɗawa a kansa. Ta taɓa shi, jikinsa sanyi ƙalau.

Da gudu ta isa ofis.

"Sista, na yi insulin, ban san wa na yi wa ba."

"Ba ki san me ba? Ke, kina cikin hankalinki?"

"Wallahi ban sani ba. Ina jin direba ne."

Sista ta fizgi na'urar awon suga, ta auna direban. Da ta ga abin da ya fito sai ta yi salati, ta ce a kawo ruwan gulukos, a kira likita. Bajamushiya ta nemi jijiya, ta rasa, Sista ta ture ta ta saka da kanta. Suna ta jijjiga shi suna kira. Duk Jamusancin ya gudu, ba abin da ke bakinta sai "Ya Allah, Ya Allah."

Da ƙyar ya buɗe ido, ya tambayi me ya tara mutane a kansa.

Matarsa ta shigo ta tarar da cirko-cirkon nan, kwanukan suka zube. Mai jinyar gadon gaba ya ce mata sugan mijinta ne ya faɗi, wannan nas ɗin ce ta lura ta ruga ta kira Sista. Matar ta durƙusa ta kama hannayenta biyu tana kuka.

"Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Da ba don idonki ba, da yau na zama mai takaba. Mu dai kar ki tafi ki bar mu, irinku ba su da yawa."

Sista na gefe rungume da hannu, tana kallonta, tana jira.

Bajamushiya ta durƙusa ita ma, har gwiwoyinsu suka haɗu.

"Yaya, ki daina sa mini albarka," ta ce. "Ni ce na yi masa allurar da ba tasa ba."