Jan Layi a Jirgin Saani

Shekara biyu na yi a London ina rubutu a kan layin fenti guda ɗaya. Hukumarmu mai kula da teku da koguna ce ta turo ni karatu, na kama ɗaki a unguwar Plumstead, a gidan wata 'yar Gana, Anti Awawu. Abin da na zo da shi ba wata kimiyya ba ce mai kai ciwo. Manyan jiragen teku duk suna da alama a jikinsu, idan ruwa ya shanye ta an san lodi ya wuce ƙa'ida. Na ce to me zai hana a yi wa jiragen katako na kogi irinta? A tura masu awo kowace tasha, su loda wa jirgi buhunan yashi, su ga iya abin da zai ɗauka lafiya, su ja jan layi a wurin. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ja, ya kuma san ruwa.

Ni 'yar Tungar Gwaiba ce, a bakin kogin Kwara, inda damina ba ta wucewa ba mu yi sallar gawarwakin da aka tsamo ba. Yayana Saani jirgi yake tuƙawa a can, yana ƙetarar da 'yan kasuwa. Kafin in taho na gwada abin a jirginsa, layin ya faɗo taƙi biyu ƙasa da baki, na ɗauki hoto. Abu ɗaya nake nema a duniya: Darakta ya sa hannu a horar da masu awo kafin ruwa ya kawo.

A watan Afrilu Daraktan namu, Alhaji Nata'ala, ya iso da tawaga don wani taron ƙasashe kan harkar jiragen ruwa. Mutumin da na aika wa takarda sau shida bai ko ce ya gani ba, sai ga shi ya kira ni da kansa.

"Hansai, turo min slides ɗin nan naki. Gobe zan yi presenting."

Wallahi har rawa na taka a kicin. Anti Awawu ta leƙo da ludayi a hannu ta ce da Hausarta ta Gana, "Yarinya, Allah ya yi. Ka sa atamfa mai kyau, ka tafi da wuri, kar jirgin tube ya yi maka delay."

A zauren taron aka zaunar da ni a baya, inda ƙananan ma'aikata ke zama. Aikinmu riƙe jaka da gyaɗa kai, wanda ya buɗe baki kuwa ya san sauran. Alhaji ya miƙe cikin babbar riga, ya yi ta zuba Turanci a kan sabuwar manufar ƙasa da ƙirƙire-ƙirƙire. Sai ga jirgin Saani a allo, ƙato, jan layinsa na sheƙi. Ƙwalla ta cika min ido.

Daga nan ya shaida musu cewa ƙasarmu ta riga ta auna jiragen katako dubu uku, ta ja musu layi, kuma haɗari ya ragu sosai. Dubu ukun nan daga takardata ya ɗauko su, adadin jiragen da ke jiran awo ne. Aka yi ta tafi. Wata Baturiya ta ce lallai sauran ƙasashe su yi koyi da mu. Alhaji baki har kunne.

Da aka fita shan shayi na same shi, na rusuna.

"Ranka ya daɗe, jirgi ɗaya ne fa aka auna. Yaushe za a sa hannu a memo ɗin horar da masu awo?"

Ya dube ni kamar na taka masa sabon takalmi.

"Hansai, ke fa yarinya ce. Ta yaya zan shigar da memo ina neman a fara abin da na gaya wa ƙasashe arba'in mun gama? So kike a yi sacking ɗina?"

"Ranka ya daɗe, damina ta kusa."

"Za mu yi regularising, kar ki damu. Yauwa, an ce akwai akwatuna masu sauƙi a kasuwar Woolwich. Jirgin Elizabeth line ake hawa, ko?"

Na raka shi, ni na ja masa akwatunan har tasha. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Na sake rubutawa sau uku, shiru. Na kira Kingsley, abokin aikina a hedkwata, ya ce an rufe fayil ɗin, an sa shi a jerin ayyukan da aka kammala, har ana maganar ba Alhaji lambar yabo. Na haƙura, na ce aƙalla an koma gidan jiya, ba a ci gaba ba amma ba a ƙara ɓata komai ba. Ashe ban san komai ba.

Ranar wata Laraba a watan Yuli, da hantsi, na fito daga kanti a Woolwich sai ga kiran bidiyo daga Saani. Yana bakin ruwa, ana ta hayaniyar lodi a bayansa, shi kuma sai fara'a yake.

"Hansai, kin zama babbar mace! An faɗa a rediyo. Jami'ai sun zo sun ce baƙi za su zo ɗaukar hoto, kowa ya ja layi cikin kwana uku."

"Wa ya auna muku?"

"Awo kuma? Kowa dai ya sayi fenti."

Ya juya wayar. Jirage sun fi ashirin a jere, kowanne da jan layinsa, yatsu huɗu ƙasa da baki. Wani ma a kan bakin ya shafa nasa. Na ce ya nuna min jirginsa. Da ƙyar ya nuna. Ya shafe layina da kwalta, ya ja sabo a sama.

"Yaya, me ka yi haka?"

"To ya zan yi? Ni ina ɗaukar mutum talatin layi ya nutse, na kusa da ni ya ɗauki saba'in nasa na waje. Sai mutane suka ce jirgina ne mai matsala, suka guje ni. Amma kin ga yanzu ba mai gardama. Da, mata sai su tsaya su ce lodi ya yi yawa, ba za su shiga ba. Yanzu sai mu nuna musu layin gwamnati."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce ya sauke rabin mutanen, na rantse masa da Allah layin nan ƙarya ne. Ya yi dariya, ya ce London ta sa min tsoron ruwa.

"Ko Inna da ba ta shiga jirgi in ta ga babur a ciki, yau ta shiga. Ta ce layin Hansai ne, 'yarta ta yi karatunsa a Turai. Ga ta can."

Ga mahaifiyata kuwa a tsakiyar jirgin, an matse ta tsakanin buhunan masara da babura biyu, tana ɗago min hannu. Na yi ta ƙwala mata kira a tsakiyar titi, mutane na kauce min. Ƙarar inji ta hana ta ji. A bayanta wasu mata huɗu na tattare zane suna hawowa da kwanduna.

"Ku shigo, ku shigo," in ji Saani. "Da sauran wuri, ruwa bai taɓa layi ba."