Karayar Hannun Safara'u

Ranar kasuwar Dogarawa Safara'u ta karye. Ta sayar da nononta kaf, ta hau kabu-kabu, wato babur na haya, za ta koma ruga, sai akuya ta gitta musu a kan kwalta. Mai moton ya taka birki, suka zube. Shi ya tashi yana kakkaɓe wando, ita kuwa da ta dafa ƙasa da hannun hagu sai ta ji ƙas.

Mijinta Halilu ya kai ta wurin Labbo mai ɗori, aka ja hannun, aka jera masa kara aka ɗaure. Labbo yana ɗauri yana mitar cewa ƙashin matan yanzu ba shi da ƙwari. Surutun tsufa ne kawai, amma Tabawa, uwar Halilu, tana wurin, ta kuwa riƙe maganar.

Tabawa ta san surukarta na karɓar allurar hutun haihuwa, don ba a ɓoye ake yi ba. Tun haihuwa ta biyar, da jini ya ɓalle wa Safara'u har aka kwashe ta zuwa asibitin Konni rai a hannun Allah, Halilu da kansa ya ce a huta. An shekara huɗu ke nan tana zuwa likita duk bayan wata uku.

"Allurar ga ce ta shanye miki ɓargo," in ji Tabawa da suka dawo gida. "Ni na hwaɗo daga bisa jaki da cikin Halilu, ko targaɗe ban yi ba."

"To, Inna," in ji Safara'u. Amma maganar ta zauna mata a rai. In gwiwarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Ko gangaren rijiya sai ta yi ta lallaɓawa kamar tsohuwa.

Da lokacin allura ya zagayo ta tafi likita, hannu rataye a wuya. Madam Badi'a, ungozomar da ta saba yi mata, har ta ɗauko kwalbar, sai Safara'u ta ce, "Madam, dakata. Wai da gaske abin nan yana cin ƙashi?"

Badi'a ta ajiye kwalbar ta zauna. "Da gaskiya a ciki. Mace in ta daɗe tana yin ta, ƙwarin ƙashinta yana raguwa kaɗan. In ta bari, galibi yana dawowa sannu a hankali."

"Ke nan ita ta karya ni."

"Wannan ba ni iya rantsewa. Na'urar auna ƙwarin ƙashi ba mu da ita a nan. Amma faɗuwar moto ko ƙato tana karya shi, bare ke da kika tare kwalta da hannu guda. Tahiyar ƙasa da ɗaukar kaya da kike yi ma suna taimakon ƙashi. Kina shan nono?"

Safara'u ta yi dariya. Na sayarwa ne, abin da ya rage na yara.

"To ki riƙa rage ma kanki ko ludayi biyu. In kuma ranki bai kwanta da allurar ba, akwai robar da ake sawa a damtse, akwai ta mahaifa. Ke za ki zaɓa."

Safara'u ta tuna rufin motar da ta kai ta Konni, da yadda ta farka ta tarar an ƙara mata jinin mutanen da ba ta sani ba. Ta dubi hannunta mai ɗori. Damina ta kusa, kuma ba ta son a taɓa mata ɗaya hannun alhali da shi kaɗai take tatsa.

"Yi min ta yau," ta ce. "In na warke sai mu yi maganar canji."

Aka yi mata. A hanya ta gaya wa Halilu, wanda ya rako ta, duk yadda suka yi, ya ce daga yau nonon jar saniya ba na kasuwa ba ne. Tabawa dai ba ta sauka daga ra'ayinta ba, sai dai ita ce ke dama fura da nonon ta miƙo wa Safara'u.

Hannun ya haɗe da ɗan karkata. Bayan kaka Safara'u ta koma likita, aka sa mata ta damtse.