Kada Ki Ji

…kuma wai fuskata ce matsalar, Omma, uwata. Fuskar da kika ba ni kafin ki ajiye ni a ƙofar kasuwar kifin garin nan na Koriya. Pyo, mai makarantar koyon Turancin da na je neman aiki, ya dubi fasfona na Kanada, ya dube ni, ya sosa ƙeya. “Turancinki ba laifi, malama, amma iyaye Baturiya suke son gani. Ke kuwa sai ka ce ƙanwar matata.” Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Wa ya ƙi aiki?

Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada in nuna ina jin Koriyanci. “Ko zaginki aka yi, murmushi kawai.” Yau darasin gwaji. In iyaye sun yarda, na zauna a Mokpo in ci gaba da nemanki. In sun ƙi, sai in tattara in koma Winnipeg.

Ga ni nan a gaban allo, cikin silifas ɗin aro, ina ɗaga hoton tuffa, yara suna ihu da sunanta… iyaye kuwa sun jeru a bayan gilashi, ƙofa a buɗe. Ashe haka mutane suke magana in sun ɗauka kurma ce kai? Wallahi abin yana da daɗin saurare.

“Wannan ce Baturiyar? Ai ni ma Baturiya ce ke nan.”

“Ke dai bari. Dubi kafaɗunta, irin na matan tsibiri.”

Tsibiri? Wanne? Ai suna da yawa… Na ce wa kaina: murmushi, Bridget. Ɗaga hoton kyanwa.

Na tuna Winnipeg: ƙanƙara a taga, Mama Lorraine da ta raine ni tana wanke kwanuka tana jina ina maimaita kaset na koyon Koriyanci, baki a karkace — barka, na gode, sunana na haihuwa Ok-ju, ina neman mahaifiyata. Ba ta taɓa hana ni ba. Ita ce ma ta sayo kaset ɗin, ta shiga banɗaki ta daɗe. Shekaru na yi ina lanƙwasa harshena saboda ke, yau kuma ladan aikin shi ne in yi kamar ban iya ba. Abin dariya. Ko ba abin dariya ba ne?

“Da hagu take rubutu.”

Ke ma bahaguwa ce, Omma? Wa zan tambaya?

Waccan tsohuwar ta ƙarshen layi, mai takalmin roba, gashi a nannaɗe. Jikarta ta kawo. Kallona kawai take yi. Shekarunta za su kai naki… kowace mace mai shekarunki sai na leƙa kunnenta, na leƙa yatsunta, a bas, a gidan wanka, har wata ta taɓa kai mini duka da lema. Wannan kunnenta ƙanana ne. Nawa manya. Ba ke ba ce. Ko kunnen ubana na ɗauko?

Ƙararrawa. Yara sun watse, iyaye suna gyaɗa kai, Pyo yana washe baki — na samu ke nan? Na samu. 

Tsohuwar ta shigo. Warin gishiri da kifi. Ta kama wuyan hannuna, tafinta kaushi, ta juya shi kamar tana duba kaya a kasuwa.

“Kai, ’yar nan duk ƙashi. Kin ci abinci kuwa?”

Wannan tambayar. Darasi na farko a kaset. Sau nawa na amsa ta a gaban madubi, ina cewa ke ce kika yi ta?

“Ba ta ji, kaka,” in ji Pyo, idonsa a kaina.

“Ba ta ji? To uban me ya cika mata ido da ruwa?”

Murmushi, Bridget. Murmushi… Ashe haka zaman zai kasance. In wata rana ke ce kika shigo riƙe da jika, kika kama hannuna, kika tambaya — ni da na ƙetaro teku don in amsa miki, sai in washe haƙora in girgiza kai?

Ban ci ba, kaka. Tun safe ban ci komai ba. Ga amsar nan a bayan haƙorana, Pyo yana kallo, ita kuma ta ƙi sakin hannun…