Wologa Bai Iso Ba

A tsibiran Andaman, in 'yan'uwa biyu suka daɗe ba su ga juna ba, ba da baki ake gaisawa ba. Ɗaya ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu, ɗayan ya hau cinyarsa, su rungume wuyan juna su yi ta kuka har sai sun gaji. In mace ce da namiji, namijin ke hawa. Sai an gama wannan ake cewa mutum ya iso. Kafin nan, ko yana tsaye a gabanka, yana can inda yake. Haka aka gada tun mutanenmu suna dubbai, kafin Turawa su zo su gina kurkukunsu, kafin ƙyanda da tari su yi mana yankan kaka, har gwamnati ta tattara 'yan ragowar ta zuba su a ɗan tsibiri guda.

Niali ta san wannan kamar yunwar cikinta. Shi ya sa ranar da aka hango jirgi, tun bai gama juyowa ba ta sauka bakin teku da sandarta, ta sami wuri a kan farin yashi ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Ƙanenta Wologa ne zai zo. Tun yana saurayi ya tafi Port Blair, babban garin tsibiran, ya shiga aikin ɗan sanda, ya auri 'yar ƙabilar Bangali, ya tsufa a can. Mahaifiyarsu ta rasu shekarar da teku ya hau tudu ya share bukkoki, bai zo ba. Daga cikin waɗanda suka sha nono ɗaya, su biyu kaɗai suka rage, ita kuwa idonta ya fara hazo. Ta san ba za a yi wani zuwan bayan wannan ba. Akwai kukan da ba a yi da kowa sai da wanda kuka fito ciki ɗaya, ta daɗe tana ajiye da shi.

Jirgi ya tsaya. Wani ƙaton tsoho mai tumbi ya sauko da takalmi sau-ciki, wata budurwa doguwa na riƙe da jakarsa. Matuƙan jirgin sun jingina da ƙarfe suna kallo, biyu daga cikinsu da waya a hannu. Wologa ya tako har gabanta. Ya dubi ƙafafun da aka miƙe masa, ya waiwaya ya dubi jirgi. Sai ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya ɗan rusuna, irin gaisuwar mutanen babban gari.

"Yaya," ya ce, "tashi mana, yashin nan da zafi."

Niali ta ɗan jira. Da ta ga da gaske yake, ta dogara sanda ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta. Ta juya wajen tsoho Tura, maƙwabcinta mai sassaƙar kwale-kwale, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Tura, jirgi ya zo, amma Wologa bai iso ba. Sai dai an kawo mana baƙo. A nemo masa kujera."

Baƙo kuwa aka karɓe shi da mutunci, har mutuncin ya yi yawa. Niali ta sa aka ɗauko kujerar roba da ake ajiye wa manyan gwamnati. Ta wanke kofin nan mai hannu ta zuba masa shayi. Da yamma samari suka kawo kunkurun teku, ƙamshin kitse ya cika unguwa, kowa ya zauna a ƙasa yana tsoma hannu. Baƙo aka kai wa shinkafa da miyar wake a faranti, har da cokali.

"Haba Yaya, ko ɗan kitsen ba za a ɗanɗana mini ba?"

"A'a, baƙo, cikinku bai saba ba. Kada ka je ka ce mun ba ka abincin daji." Ta gyara zama. "Af, kai da ka fito Port Blair, ko ka san wani ƙanena a can? Siriri ne kamar sandar baka. In ya yi nitso sai ka gama cin kwakwa bai fito ba."

Tura ya ƙyalƙyale da dariya har ya sarƙe. Ya ce, "Wannan in ya yi nitso ai sai dai teku ya sake hawa tudu."

"Kai ma Tura har da kai? Ni na koya maka ɗaure ƙugiya."

"Wologa ya koya mini. Kai ban san ka ba."

Wologa ya yi dariyar yaƙe, ya ci shinkafarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma Niali ba ta ci naman ba ita ma. Ta yi ta juya shi a ganye har ya huce. Mai horo da yunwa shi ma ba ya ƙoshi.

Haka aka yi kwanaki. Budurwar, Shefali sunanta, 'yarsa ce, tana aikin jinya a asibiti. Ita ba ta da laifi, don ba a taɓa ganinta ba, balle a yi kukan rabuwa da ita. Tana son ganin komai: inda kunkuru ke ƙwai, bishiyar da ake ciro zuma, wurin da ruwa ya tsaya a shekarar da teku ya hau tudu. Wata safiya da ruwa ya janye, Niali ta ba ta kwando suka tafi kamun kaguwa a cikin duwatsu.

"Sa hannu ta baya, 'yar nan, ba ta gaba ba. Ko a asibitin naku ta baki kuke kama maciji?"

"Gwaggo, ta cije ni!"

"To ta gaishe ki. Ta fi ubanki ladabi."

Shefali ta tsotsi yatsa. Can ta ce, "Gwaggo, kin tuna lokacin da aka kai ki Port Blair a duba miki ƙafa? Tun ba a haife ni ba."

Niali ta tuna mana. Ranar tana cikin ranakun da take lissafawa masu daɗi. Ta sauka daga jirgi ta hango Wologa cikin kakinsa sabo, ta zauna nan kan siminti ta miƙe ƙafafu, ya zo ya hau cinyarta, suka yi kuka har muryarsu ta dushe. Ta ce, "A lokacin yana da hankali."

"Mama ta ce mutane sun taru a kanku. 'Yan dako, da fasinjoji, da abokan aikinsa. Wani ya ɗauki hoto, aka manna a ofishinsu. Wani ya jefa muku ayaba kamar birai."

"Na ga ayabar. Na zaci kyauta ce. Na ci."

"Daga ranar ba a sake kiransa da sunansa a wurin aiki ba. Jaririn daji suke ce masa. In ya shigo sai wani ya buga cinya ya ce, zo ka zauna. Har ya bar aikin sunan bai bar shi ba." Ta jefa kaguwa a kwando. "Ni tun da na taso ban taɓa ganin hawayensa ba. Ko da labarin Kaka ya zo, wanka ya yi ya sa kaki ya fita. A cikin jirgin nan da muke tahowa ya ce mini, Shefali, in na zauna a cinyarta idona ya ƙi kawo ruwa fa? Ai gara ban zauna ba."

Niali ta tsaya tana duban teku, wanda yanzu ba ta bambanta shi da sama sai da ƙyar. Ashe ranar da ta ɗauka zuma ce, shi maɗaci ya sha, kuma da hannunta ta miƙa masa. Wanda ya ci ayaba ya manta, wanda aka jefa bai manta ba. Ta tuna yadda ya waiwaya ya dubi jirgi kafin ya haɗa hannu. Ita ta ga raini, ashe tabo ne. Amma Niali ba macen da za ta je ta ce wa ƙanenta yi haƙuri ba ce, kuma ko ta ce, haƙuri ba ya isar da mutum gida.

"Kwandon ya cika," ta ce. "Mu tafi."

Ranar da jirgi zai dawo ya ɗauke su, da hantsi, an riga an hango shi can nesa kamar ƙuda a kan faifai. Wologa na zaune a kujerarsa da jaka a gefe. Niali ta fito ta ajiye masa kwando a ƙafa.

"Baƙo, ka ci shinkafarmu ba ka yi mana aikin komai ba. Ɗauki wannan ka bi ni."

Ta bi da shi ta cikin kurmi, yana haki, yana tsayawa yana cire ƙaya daga wando. Suka ɓullo wani lungun gaɓa a bayan duwatsu, inda ba a hango unguwa, ba a hango jirgi. Babu komai sai yashi da wasu kututture huɗu da suka ruɓe. Wologa ya tsaya cak. Ginshiƙan bukkar mahaifiyarsu ne.

Niali ta yar da sanda, ta zauna tsakanin kututturen, ta miƙe ƙafafu.

"Nan babu mai hoto," ta ce. "Babu mai ayaba. Sai kaguwa, su kuwa ba su da ofis."

Ya dube ta, ya sunkuyar da kai. "Yarinyar nan bakinta ba ya riƙe magana."

"Ta gado gwaggonta. Zo."

"Yaya, ba ni da hawaye. Na nema, na rantse miki. Rijiyar ta ƙafe."

"Ji sakarai. Wa ya ce maka jiran hawaye ake yi? Can kuka koyi wannan, sai zuciya ta ga dama sannan a yi kuka. Ka taɓa ganin an zauna ana jiran teku ya zo ya ɗauki kwale-kwale? Ingiza shi ake yi. Maƙogwaro ke farawa, ido ya biyo baya. In bai biyo ba ma, ka dai yi naka."

"Zan karya miki ƙafa."

"Na goye ka kana tsula mini fitsari a baya ban karye ba. Cire wannan takalmin."

Ya cire. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya juya ya sauke jikinsa a cinyarta.

"Wayyo! Me suke ba ku a can, duwatsu?"

"Na faɗa miki."

"Yi shiru. Kawo wuyanka."

Ta rungume shi. Ƙamshin sabulun birni yake yi, amma a bayan kunnensa ta laluba ta ji ɗan tabon da ƙugiya ta yi masa yana yaro. Ta buɗe baki ta ja kukan, dogo, daga can ƙasan ciki, yadda uwarta take ja. Shi ma ya buɗe nasa. Abin da ya fito kamar kukan tsohuwar ƙofa, busasshe, abin kunya. Ba ta kula ba. Ta ci gaba, tana sako sunayen mutanen da suka rasu a bayansa ɗaya bayan ɗaya: mai harbin ayu, da matarsa mai waƙar rawa, da ɗan autan Tura da igiyar ruwa ta ɗauke, da Bira.

Ya tsaya. "Har Bira?"

"Har Bira."

Bira abokin nitsonsa ne, tare suka kama kunkurunsu na farko. Ba wanda ya gaya masa. Niali ta ji jikinsa ya yi tauri, sannan ya saki gaba ɗaya. Kafin ta kai ga mahaifiyarsu kafaɗarta ta jiƙe. A nan ita ma ta daina jan gaba, ta bar abin da ta ajiye ya zubo. Suka yi ta yi, tsoho da tsohuwa, har ruwa ya fara dawowa yana lasar kututture, har jirgi ya yi ƙaho daga bayan duwatsu.

Da ya sauka, ƙafafunta sun mutu murus. Ta yi ta yi ta kasa tashi. Dole ya durƙusa ta hau bayansa, ya riƙe takalmi a hannu, suka bar kwando a wurin.

"A hankali, jaririn daji," ta ce a kunnensa.

Ya yi dariya har ya kusa kayar da ita.

Haka suka fito bakin teku, jama'a na tsaye, matuƙa na kallo. Ya sauke ta a kan yashi. Ta nemi Tura da ido.

"Tura, Wologa ya iso."

"Yanzu? Ai ga jirgi can, tafiya zai yi."

"To ta yaya zai tafi in bai iso ba? Shefali, ruga ɗakina, akwai ƙunshin ganye a rataye a kan murhu. Kitsen kunkuru ne, na ubanki."

Saura sallama. In za a rabu, kowa yakan kama hannun ɗan'uwansa ya kai bakinsa ya hura masa iska a hankali. Niali ta dubi wajen jirgi, ta ga inuwar samarin nan da wayoyinsu. Ta ɓoye hannunta a zani, ta ce, "Jeka, an yafe maka wannan."

Wologa bai waiwaya ba. Ya sunkuya ya zaro hannun daga cikin zanin, ya kai bakinsa ya hura. Ta kama nasa ta hura. Shefali da ta dawo da ƙunshi tana haki ta miƙo nata, yatsan da kaguwa ta ciza yana naɗe da tsumma.

"Ke kuma," in ji Niali bayan ta hura mata, "in kin dawo, kin san inda za ki zauna. Kada ki yi ƙiba irin ta ubanki."

Jirgi ya juya. Ta zauna a wurin har ƙarar injin ta ɓace, don idonta ya riga ya rasa shi tun da wuri. Da jini ya dawo ƙafafunta, ta ce wa Tura ya aika a mayar da kujerar roba inda aka ɗauko ta.